Shin sai da kyamarar ful-firem za a ɗauki fim mai dogon zango? Amsa ga wani furodusa a Jos

Tambayar ta fito ne daga wani matashin furodusa mazaunin Jos, wanda ke shirin ɗaukar wasan kwaikwayo mai dogon zango, zangon farko kashi 13, da niyyar sayar wa gidan talabijin kafin daga baya ya ɗora shi a YouTube. Ya ce abokan sana'a sun gaya masa cewa a yanzu duk aikin da ba a ɗauka da kyamarar ful-firem ba, ba zai yi kama da fim ɗin silima ba, kuma masu saye ba za su ko kalle shi ba. Yana so ya san gaskiyar maganar, da kuma ko ya dace ya zuba mafi yawan kuɗin kayan aikinsa a kan irin wannan kyamara.

Malam, maganar abokanka tana da ƙamshin gaskiya, amma sun ɗora wa girman sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, nauyin da ba nata ba. Kyamarar ful-firem kayan aiki ce mai kyau, kuma idan ka tanadi abin da take buƙata za ta ba ka hoton da ba za ka ji kunyar nuna shi a ko'ina ba. Sai dai ba ta zuwa ita kaɗai. Tana jawo ƙarin kuɗi a gilasan da ake ɗora wa kyamara, tana neman ƙwararren mai jan fokas, wato mai daidaita gilashi domin hoto ya fito tar, kuma a irin fitowar da wasanninmu suka fi yawan yi, sau da yawa za ka tarar kana hayar ƙarin fitilu domin ka danne ainihin siffar da ka biya kuɗi ka samo.

Ful-firem ma'auni ne na sensa mai faɗin milimita 36 da tsayin milimita 24 ko kusa da haka. Daga wajen masu ɗaukar hoto marar motsi ya fito, tun zamanin kyamarar Leica ta 1925. Masana'antar fim kuwa ta shafe kusan ƙarni guda tana aiki da ma'aunin da faɗinsa bai wuce milimita 25 ba, wanda sigarsa ta yau ake kira Super 35, kuma da shi aka ɗauki mafi yawan finafinan da suka koya wa idon mutane abin da ake kira kamannin silima. Kamfanin Paramount ya gwada ma'auni mai girman ful-firem a 1954 da tsarin VistaVision, amma bai zama ruwan dare ba. Abin da ya kawo wannan girma hannun masu ƙaramin jari shi ne Canon 5D Mark II ta 2008, kyamarar hoto da ke iya ɗaukar bidiyo. Manyan kyamarorin silima sun biyo baya da jinkiri: Sony Venice da RED Monstro a 2017, Alexa LF ta kamfanin ARRI a 2018, sai Alexa Mini LF da Sony FX9 da Canon C500 Mark II a 2019, FX6 a 2020, FX3 a 2021. Abin lura shi ne, a 2022, bayan duk wannan guguwa, ARRI ya fitar da Alexa 35 da sabuwar sensa mai girman Super 35, kuma manyan masu ɗaukar hoto na duniya suka karɓe ta hannu biyu-biyu. Da a ce girman sensa ne ke yanke hukunci, da kamfanin bai yi wannan asarar kuɗin ba.

Idan sensa ta girma, gilashi ɗaya yakan ga wuri mafi faɗi. Abin da gilashin milimita 35 ke nunawa a kan Super 35, sai gilashin milimita 50 ne zai nuna shi a kan ful-firem, domin bambancin faɗin sensa biyun ya kusa ninki ɗaya da rabi. A nan ne wani kuskure ya yaɗu a tsakanin masu sana'a, cewa babbar sensa tana gyara siffar fuska ko tana jawo bayan hoto kusa. Siffar fuska da yadda na gaba ke danganta da na baya, nisan kyamara daga mutum ne kaɗai ke tsara su. Idan ka ajiye kyamarori biyu a wuri ɗaya, ɗaya da gilashin 35 a kan Super 35, ɗayar da gilashin 50 a kan ful-firem, hanci da kunnuwa da bangon baya duk za su fito da girma iri ɗaya.

Abin da ke bambanta su da gaske shi ne zurfin fokas, wato tazarar da ke fitowa tar daga gaba zuwa baya, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi lissafi da kyau. A ce jarumi yana tsaye mita biyu daga kyamara. Da gilashin milimita 35 a kan Super 35, an buɗe ƙofarsa ta shigar haske a T2.8 (lambar T ma'aunin buɗewar ƙofar ce, idan lambar ta ƙaru ƙofar ta tsuke), tazarar da za ta fito tar ta kusa santimita 40. Da gilashin milimita 50 a kan ful-firem, a T2.8 ɗin nan dai, tazarar ta ragu zuwa kimanin santimita 27. Domin ka dawo da zurfin da ka rasa, sai ka rufe ƙofar da mataki guda zuwa T4, wanda ke nufin rabin hasken ne kawai zai shiga. Idan kuwa aka ɗora gilashin milimita 85 aka wangale shi har T1.4 domin ɗaukar fuska daga mita ɗaya da rabi, kamar yadda matasa da yawa ke sha'awar yi, abin da ya rage bai kai santimita uku ba. Jaruma tana ɗan karkata kai, ido ɗaya zai fito tar, ɗayan ya dushe. Tana jan numfashi domin kuka, fuskar gaba ɗaya ta fita daga fokas a daidai lokacin da darakta ya fi buƙatarta.

Yanzu ka buɗe rubutun labarinka ka ƙirga irin fitowar da ke ciki. Wasan kwaikwayon Hausa wasa ne na jama'a. Maigida yana kan kujera, uwargida tana gefe, yara suna zaune a ƙasa kan kafet, baƙo yana bakin ƙofa yana jiran a yi masa iso. A fada, sarki yana kan karaga, hakimai suna dama da hagu, mai ƙara yana durƙushe can nesa. Inda kowa ya zauna yana faɗa wa mai kallo matsayinsa tun kafin ya buɗe baki, kuma rabin daɗin fitowar yana cikin fuskar wanda ake yi wa magana, ba mai maganar kaɗai ba. Kishiya da ta yi tsaki a baya, ko ɗan da ya sunkuyar da kai yayin da mahaifinsa ke faɗa, idan sun narke cikin dishi-dishi, an yi asarar wasan da ka biya su suka yi. Ga kuma gaisuwarmu, wadda ke sa mutum ya taho, ya rusuna, ya durƙusa, ya miƙe, duk a cikin daƙiƙa kaɗan, kuma kowane motsi yana sauya nisansa daga kyamara. A irin wannan fitowa, mai ɗaukar hoto da ya san aikinsa zai rufe gilashi zuwa T4 ko T5.6, kuma T5.6 yana cin haske ninki huɗu na abin da T2.8 ke ci. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya zaɓi ful-firem ya sani tun farko cewa zurfin fokas ne zai riƙa saye da haske.

Ba na musun cewa akwai inda take nuna fifiko a fili. A ƙuntataccen ɗaki irin na tsofaffin gidajen Gangare ko Unguwar Rogo, inda ba ka da filin ja da baya kuma bango yana daf da ƙeyar jarumi, gilashin milimita 35 a kan ful-firem zai ɗauki faɗin da sai na 24 zai ɗauka a kan Super 35, kuma zai fi raba mutum da bangon. Haka abin yake a cikin mota. Amma ina gargaɗinka da mayar da dusar da bayan hoto mafakar rashin tsara ɗaki. Mai kallo yana so ya ga kwanukan da ke jere, da labule, da irin agogon da ke bango, domin su ne ke gaya masa ko gidan talaka ne ko na mai hali. Jerin wasan da kowace fitowa a cikinsa fuska ce tar da baya a dushe yakan gajiyar da ido tun kafin a kai kashi na uku.

Wuri na biyu da take amfani shi ne dare. Wasu daga cikin waɗannan kyamarori suna da matakin karɓar haske, wato ISO, guda biyu na asali: FX6 tana da ISO 800 da 12,800, FX9 tana da 800 da 4,000, Venice ta farko tana da 500 da 2,500. Amfanin wannan a aikace shi ne, za ka iya hawa mataki na sama da daddare, ka rufe gilashi zuwa T4, ka sami zurfin fokas ba tare da hoto ya cika da tsaki-tsaki ba. Wannan fa'ida ce ta gaske ga wanda janaretansa ba zai ɗauki manyan fitilu ba. Sai dai kyamarar da ke gani a duhu ba ta tsara haske. Baƙar fata tana bayyana siffarta ne ta hanyar ƙyallin da take mayarwa, saboda haka tana son haske mai faɗi da laushi daga gefe, da wani ɗan haske daga baya da zai zana gefen kai da kafaɗa. Idan ka dogara da ƙwan fitilar da ke rataye a tsakiyar rufi, hoton zai yi haske, amma idanu za su faɗa cikin rami, goshi ya yi maiƙo, ko da wace sensa ka ɗauka.

Da rana matsalar juyewa take yi. Jos tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,200, kuma idan sama ta washe ranarta tana da kaifi. Da ISO 800 da saurin shata na 1/50, wato tsawon lokacin da haske ke shiga wa kowane firem, hasken tsakar rana yana buƙatar a rage shi da kimanin mataki takwas kafin a iya aiki a T4. Makarin rage haske na ND da ke cikin FX6 yana kai wa mataki bakwai, na Venice yana kai wa takwas, FX3 kuwa ba ta da shi sam, sai an ɗaura mata a gaban gilashi. Wannan bambanci ya fi girman sensa shafar saurin aiki a lokeshan, musamman da damina, lokacin da gajimare ke rufe rana ya buɗe ta sau da yawa a cikin fitowa ɗaya. Haɗa da wannan, ka tuna da farar babbar riga ko shadda mai walƙiya a jikin mutum baƙi a tsakar rana. Abin da ke ceton irin wannan hoto shi ne faɗin tazarar haske da duhu da kyamara ke iya riƙewa, tare da ɗauka a tsarin log mai bit 10, wanda ke adana bayanan haske da launi masu yawa domin gyara daga baya, sannan a sami wanda ya iya gyaran launi. Kyamarorin Super 35 masu kyau suna yin wannan daidai da na ful-firem, wasu ma sun fi su.

Gilasai ne inda kasafin kuɗi ya fi yawan fashewa. Ful-firem tana buƙatar gilashin da da'irar hotonsa ta kai kimanin milimita 43, alhali gilasan Super 35 da yawa ba su wuce 31 da kaɗan ba, don haka idan ka ɗora su za ka ga kusurwoyin hoto sun yi baƙi. Za a ce maka ai kyamarar tana da tsarin yanke tsakiyar sensa domin ta karɓi tsofaffin gilasai. Gaskiya ne, amma ka binciki abin da ke saura bayan yankan: Venice da FX9 suna ba da 4K a wannan tsari, FX6 kuwa tana sauka zuwa HD. Gilasan zum na silima, wato masu jawo hoto kusa ko nesa, masu rufe ful-firem sun fi girma, sun fi nauyi, sun fi tsada, kuma wasa mai dogon zango, wanda ake ɗaukar shafuka da yawa a rana, yana jin daɗin zum ƙwarai. Gilasai masu tsawo ɗaya kuwa sun yi sauƙi a yanzu, domin Zeiss CP.3 da na Sigma da Samyang da DZOFilm da Meike duk suna da jerin da ke rufe ful-firem. Ka tabbatar bakin gilashin ya dace da bakin kyamarar kafin ka biya, domin PL da E da EF da RF da L kowanne daban yake, kuma mahaɗi mai arha yakan yi wasa ya ɓata fokas.

Game da fokas mai sarrafa kansa, na kyamarorin Sony da Canon na yanzu yana da kyau ƙwarai idan mutum ɗaya ne a hoto, kuma zai taimake ka a kan gimbal, wato mariƙin da ke hana kyamara girgiza yayin tafiya. Amma yakan rikice idan fuskoki sun yi yawa, ko wani ya gitta ta gaba, ko an ja amawali an rufe baki, ko mace ta ja mayafi ta juya kai. Na'ura ba ta karanta labari, ba ta san cewa a wannan jimlar ya kamata fokas ya bar mai magana ya koma kan mai saurare ba. Bugu da ƙari, mafi yawan gilasan silima da hannu ake juya su, ba sa aiki da wannan tsari. Saboda haka ka sa albashin mai jan fokas a kasafinka, tare da monita mai kyau da na'urar jan fokas daga nesa. A wannan fanni Jos ta fi garuruwa da yawa sa'a, domin a nan ne Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take, ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya da aka kafa a 1979, ga kuma Kwalejin Talabijin ta NTA, kuma duka biyun suna yaye matasan da suka san auna nisa da tef da sanya wa jarumai alamar tsayawa a ƙasa. Ka gwada mutum kafin ka ɗauke shi, domin hannu da ido ake nema, ba takarda ba.

Akwai abubuwa biyu na yanayinmu da ba su da alaƙa da girman sensa amma sun sha lalata aiki. Wutar lantarkin Nijeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, tsarin talabijin ɗinmu kuma firem 25 ne a daƙiƙa, don haka ka ɗauka a 25 da shata 1/50. Kyamarar da aka sayo daga Amurka takan zo a saite da tsarin 60, kuma idan ba a sauya ba fitilu za su riƙa ƙyaftawa a hoto. Ƙaramin janareta da ke hawa da sauka, da ƙwayayen fitilar LED na kasuwa, su ma suna jawo wannan ƙyaftawa. Na biyu shi ne ƙurar hunturu. Kada a sauya gilashi a fili. A shiga mota ko ɗaki, a kifa bakin kyamara ƙasa. Ƙurar da ta sauka a gaban sensa ba ta cika nunawa a T2.8 ba, sai ranar da ka je Dutsen Shere ko Riyom ka rufe gilashi zuwa T11 domin ɗaukar sararin sama, sannan ɗige-ɗigen su bayyana.

Ka yi lissafin ma'ajiya tun kafin a fara. Kashi 13 masu minti 45 sun kusa awa 10, kuma idan ana ɗaukar ninki biyar na abin da zai fito, kana maganar kimanin awa 50. Tsarin ɗauka na XAVC-I na 4K a firem 25 yana cin kimanin gigabait 112 a awa, wato terabait biyar da rabi da ɗoriya, kuma dole a ajiye kwafi biyu a faifai daban-daban. ProRes 422 HQ yana cin kimanin gigabait 330 a awa. ARRIRAW daga cikakkiyar sensar Alexa LF ya kusa terabait biyu a awa ɗaya. Ba girman sensa ne kai tsaye ke jawo wannan ba, tsarin ɗauka ne, amma manyan kyamarori suna ruɗar mutum ya ɗauka a 6K ko 8K, sannan kwamfutar mai tace fim ta kasa ja.

Batun cewa masu saye ba za su dubi aikinka ba, wannan bai tabbata ba. Gidan talabijin yana duba girman hoto, da adadin firem, da ingancin sauti, da tsawon shiri, kuma ya dace ka nemi sharuɗɗansu a rubuce kafin ka fara. Ko Netflix, wanda ake yawan kafa hujja da shi, sharaɗinsa shi ne sensa mai faɗin ɗigo 3,840 aƙalla da ɗauka mai bit 10 ko fiye, a kashi 90 cikin 100 na tsawon shirin, kuma wannan ya shafi ayyukan da shi ya ba da kwangilarsu ne. Jerin kyamarorin da ya amince da su yana cike da na Super 35, irin su Sony FS7 da Canon C300 Mark II da C70. Masu kallonka a YouTube kuwa, yawancinsu a waya za su gani, kuma abin da ya fi saurin korar su shi ne maganar da ba ta fita sosai, ko ƙarar janareta a ƙarƙashin muryar jarumi.

A ra'ayina, kada ka sayi kyamara domin zango ɗaya. Ka yi haya. Manyan irin su Venice da Alexa Mini LF sun fi samuwa a Legas, kuma hayarsu tana zuwa da kuɗin jigila da na ma'aikacin da zai rako su, abin da bai dace da aikin da zai ɗauki makonni ba. Kyamarori biyu iri ɗaya masu matsakaicin farashi, ko FX6 ce ko wata ta Super 35, sun fi guda ɗaya mai tsada amfani a wasan da hira ta yi masa yawa, domin za ka ɗauki mai magana da mai saurare a lokaci guda, launinsu kuma ya zo ɗaya a wajen tacewa.

Kafin ka sa hannu a takardar haya, ka ware yini guda na gwaji a ainihin falon da za a yi aiki, da fitilun da kake da su, da tufafin da jarumai za su sa. Ka zaunar da mutum biyar yadda labarin ya tsara, ka sa wani ya shigo ya durƙusa ya gaishe su, ka ɗauka a T2.8 da T4 da T5.6. Ka maimaita da tsakar rana a tsakar gida da farar riga, sannan da daddare a ƙofar gida. Ka kalli sakamakon a babban allo tare da darakta da mai gyaran launi, ka kuma kalle shi a waya. Lambar T da kuka yarda da ita a ranar, a rubuta ta a kundin aiki tare da ISO da ma'aunin launin fitilu, domin idan mai ɗaukar hoto ya sauya a tsakiyar zango, wanda ya gaje shi ya ci gaba daga inda aka tsaya ba tare da kashi na tara ya bambanta da na farko ba.